Tsakanin Motsa Jiki da Horon Ɗan Wasa

Duk wanda ya fita bakin titi a garin Kafin Hausa da sanyin safiya, ko ya leƙa filin wata makaranta bayan sallar La'asar, ba zai rasa ganin masu motsa jiki ba. Ga ɗaliban Jami'ar Sule Lamido suna sassarfa a gefen hanya, ga samarin unguwa sun kafa duwatsu biyu a madadin raga suna buga ƙwallo, ga kuma magidanci a kan kekensa ya nufi gona da fartanya ɗaure a baya. Dukkansu gumi suke yi, kuma dukkansu suna amfanar jikinsu. Sai dai akwai wani abu da ke ɗaure wa malaman wasanni kai duk shekara, musamman idan lokacin gasar wasannin makaranta ya zo. Za a ga yaron da ya yi damina guda yana huɗa da noma a gonar gero, wanda babu mai shakkar ƙarfinsa, ya shiga tseren mita 1,500, amma kafin a gama zagaye na biyu numfashinsa ya sarƙe ya koma gefe. Wani siriri kuwa, wanda bai kai shi ƙwanji ba, shi zai zo na ɗaya. 'Yan kallo kan ce sa'a ce, wasu ma su ce asiri ne. Ilimin halittu yana da tasa amsar, ita ce kuma wannan maƙala za ta yi bayani a kai.

Abubuwa uku da ake haɗawa

Masana kan rarrabe abubuwa uku waɗanda a maganar yau da kullum ake kiran su da suna ɗaya. Na farko shi ne aikin jiki, wato duk wani motsi da tsoka za ta yi ta ƙona abinci, kamar daka, da jan ruwa a rijiya, da tafiya kasuwa a ƙasa. Na biyu shi ne motsa jiki, wanda mutum ke ware masa lokaci da gangan don neman lafiya ko nishaɗi. Na uku shi ne horo, wanda 'yan wasa da sojoji suka fi kira atisaye. Horo yana da manufa ƙwaya ɗaya da za a iya aunawa, yana da ranar da ake son cimma ta, kuma abin da aka yi yau an ɗora shi ne a kan na jiya don a share fagen na gobe. Mai motsa jiki zai iya cewa ya yi gudu har ya gaji. Mai horo cewa zai yi ya zagaya fili sau shida, kowane zagaye cikin sakan 90, da hutun minti biyu a tsakani, kuma mako mai zuwa zai yi sau bakwai.

Kada mai karatu ya ɗauka cewa motsa jiki na yau da kullum abin raini ne. A shekarar 1953 wani likita mai suna Jeremy Morris ya buga sakamakon binciken da ya yi a kan ma'aikatan bas-bas masu hawa biyu na birnin Landan. Ya gano cewa kwandastoci, waɗanda ke yini suna hawa da saukar matakala suna karɓar kuɗi, ba su kai direbobi kamuwa da ciwon zuciya ba, alhali mota ɗaya suke ciki. Bambancin dai shi ne direba a zaune yake yini. Daga wancan lokaci bincike ya yi ta tabbatar da cewa motsi yana rage haɗarin hawan jini da ciwon sukari da shanyewar ɓarin jiki. Shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2020 ita ce baligi ya sami minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, yaro ɗan shekara 5 zuwa 17 kuwa ya sami kimanin minti 60 a kullum. Ɗalibin da ke tuƙa keke daga ƙauye zuwa makaranta, ya kuma buga ƙwallo da yamma, ya riga ya cika wannan ma'auni. Lafiya ya samu. Shirin gasa kuwa wani abu ne dabam.

Jiki ba ya ƙari sai an matsa masa

Jikin ɗan Adam mai tattali ne ƙwarai. Gina tsoka da jijiyoyin jini yana cin abinci mai yawa, saboda haka jiki ba ya gina abin da bai ga bukatarsa ba. Idan mutum ya fara gudun kilomita biyu kullum, a makonnin farko zai ji ya canja: haki ya ragu, ƙafafu sun yi sauƙi. Amma bayan wata biyu ko uku, in dai nisan nan ne da saurin nan, canjin zai tsaya, domin jiki ya riga ya yi daidai da aikin da ake ba shi. A nan mai motsa jiki yake zama, kuma babu laifi a zamansa. Mai horo kuwa a nan ne yake ƙara nisa, ko sauri, ko nauyi, ko ya rage hutun da ke tsakani. Wannan ita ce ƙa'idar ƙarin nauyi sannu a hankali. Girkawan dā suna da labarin wani ɗan kokawa mai suna Milo, wanda aka ce yakan saɓa ɗan maraƙi a kafaɗa kullum, maraƙi na girma ƙarfinsa na ƙaruwa, har ya wayi gari yana ɗaukar bijimi. Ko da labarin almara ne, ƙa'idar da ke cikinsa gaskiya ce.

Hujjar kimiyya ta zo ne a 1967 daga wani masani a Amurka mai suna John Holloszy. A cikin kowace ƙwayar tsoka akwai wasu ƙananan sassa da ake kira mitokondiriya, waɗanda za a iya kwatanta su da murhu: a cikinsu ne ake ƙona sukari da kitse da taimakon iskar oksijin don a sami kuzari. Masu bincike da suka gabace shi sun sa ɓeraye motsa jiki mai sauƙi, ba su ga wani canji a waɗannan murahu ba. Holloszy sai ya sa nasa ɓerayen gudu a kan na'ura, yana ƙara musu lokaci da sauri mako bayan mako, har suka kai ga gudun sa'a biyu a yini. Da ya auna tsokar ƙafafunsu bayan kimanin wata uku, sai ya tarar ikonta na amfani da oksijin ya kusan ninkawa biyu. Ɓerayen da aka bari a kan motsi mai sauƙi kuwa tsokarsu ba ta nuna wani canji na a-zo-a-gani ba. Wannan gwaji kaɗai ya isa ya nuna inda motsa jiki da horo suka raba hanya.

Zuciya ma tsoka ce, kuma ita ce ta fi sauƙin aunawa, domin kowane ɗalibi na iya ɗora yatsu biyu a wuyan hannunsa ya ƙirga. Zuciyar baligi da ke hutawa tana tura kimanin lita 5 na jini a minti ɗaya. A jikin wanda bai yi horo ba, takan buga kamar sau 70, kowane bugu ya fitar da mililita 70. Idan aka ninka 70 sau 70 za a sami mililita 4,900. Horon dogon gudu na watanni yana faɗaɗa ɗakin hagu na ƙasan zuciya, ya ƙarfafa bangonsa, ya kuma ƙara yawan ruwan jini. Sai bugu ɗaya ya riƙa fitar da mililita 100, don haka bugu 50 ya wadatar a sami lita 5 ɗin nan. Rarar bugu 20 a kowane minti ta zama bugu 28,800 a yini guda. Amfanin wannan ga ɗan tsere yana bayyana ne idan gudu ya yi gudu. Horo ba ya ƙara iyakar saurin bugun zuciya, wanda a jikin saurayi yake kusa da 200 a minti. Abin da yake ƙarawa shi ne yawan jinin da ke fita a kowane bugu. Shi ya sa zuciyar wanda bai yi horo ba takan tsaya a wajen lita 20 a minti, ta gwanayen dogon tsere kuwa takan haura lita 30.

Ƙirjin kaza da ƙirjin tattabara

Yanzu sai a koma ga yaron nan manomi. Ai shi ma yana matsa wa jikinsa, to me ya hana shi cin tsere? Amsar tana cikin ƙa'ida ta biyu, wato jiki yana ƙwarewa ne a kan ainihin aikin da aka saba masa, ba a kan wani ba.

Wanda ya taɓa fige kaza da tattabara ya ga misalin wannan da idonsa. Naman ƙirjin kaza fari ne, na cinyarta kuwa ya fi duhu. Ƙirjin tattabara ja ne wur. Dalili shi ne kaza yini take tana yawo da ƙafa, fukafukanta kuwa ba ta amfani da su sai ta firgita, ta yi fir ta haye danga, shi ke nan ta gaji. Tattabara kuwa tana iya daɗewa a sama. Jar tsoka cike take da ƙananan jijiyoyin jini, da mitokondiriya, da wani sinadari mai riƙe oksijin da ake kira mayogulobin, wanda shi ke ba ta launi. Ba ta da saurin gajiya. Farar tsoka tana da ƙarfi da sauri, amma nan da nan take sarewa. A jikin mutum waɗannan zaruruwa biyu a cakuɗe suke cikin kowace tsoka, kuma gado yana da hannu a yawan kowanne. Abin da horo ke yi shi ne ya zaɓi irin zaren da zai gina da kuma gaɓar da zai gina shi a ciki.

Haka kuma hanyoyin samar da kuzari uku ne. Akwai ɗan tanadi da ke ajiye cikin tsoka, wanda ke ƙarewa cikin kimanin sakan 10 na aiki da iyakar ƙarfi. Da shi ake tseren mita 100, da shi ɗan kokawa ke cira abokin karawarsa ya kayar. Akwai hanya ta biyu da ke farfasa sukari da gaggawa ba tare da jiran oksijin ba, wadda ke ɗaukar mutum minti ɗaya zuwa biyu, kuma ita ce ke tafe da raɗaɗin nan da ake ji a cinya a ƙarshen tseren mita 400. Ta uku ita ce ta oksijin, mai tafiya sannu amma mai nisan zango. Noma aiki ne na baya da kafaɗa da damtse, ana yin sa sa'o'i da yawa a kan matsakaicin bugun zuciya, ana tsayawa a miƙe a sha ruwa a koma. Yana gina juriya ta gaske, amma bai taɓa tilasta wa zuciya da cinyoyi su yi aiki kusa da iyakarsu na minti biyar a jere ba. Tseren mita 1,500 kuwa abin da yake nema ke nan. Da za a juya gasar, a miƙa wa siririn nan garma, kafin hantsi zai nemi inuwa.

Ba Turawa kaɗai suka san wannan ba. Wasannin Hausawa na gargajiya, irin su dambe da kokawa da langa, bisa al'ada da kaka ake yin su, bayan amfanin gona ya zo gida, lokacin da ciki ya cika kuma jiki ya fito daga aikin damina. Yara na kokawa a dandali don wasa, wannan motsa jiki ne. Amma wanda ya ɗauki dambe sana'a, irin su Shago da makaɗi Ɗan Anace ya yi wa waƙa, dole ya saba wa hannun da ake naɗe wa kara da kai naushi, ya saba wa ɗayan da tarewa, ya kuma saba wa ƙafafunsa da irin tsayuwar da za ta kai shi ƙarshen turmi uku. A Jamhuriyar Nijar, inda aka fara gasar kokawa ta ƙasa a Tawa a 1975, Kantu na Maraɗi ya zama zakaran farko, abin ya zama tsararre: kowace jiha cikin takwas takan tace gwanayenta goma ta shirya su kafin a haɗu a nemi takobi. Wanda ya kalli irin su Isaka Isaka na Doso, da ya ɗauki takobin sau da dama, ya san cewa ba ƙarfin tuwo kaɗai ne ya kai shi nan ba.

A fagen guje-guje na duniya, dabarar da ta fi sauya al'amura ita ce horon gudu da hutu, wadda Woldemar Gerschler da likitan zuciya Herbert Reindell suka inganta a Jamus tun daga shekarun 1930. Maimakon mutum ya yi dogon gudu guda a hankali, sai ya yanka shi gunduwa-gunduwa: ya ruga mita 200 ko 400 da sauri, ya huta har bugun zuciya ya sauko, ya sake rugawa. Ta haka zai tara mintoci masu yawa yana gudu da saurin gasa, abin da ba zai iya ba a tashi ɗaya. Da irin wannan horo ne Roger Bannister, yana ɗalibin likitanci, ya zama mutum na farko da ya gudu mil ɗaya cikin ƙasa da minti huɗu, ranar 6 ga Mayu, 1954, a Okusfod. Ba shi da lokaci mai yawa saboda karatu. Abin da yake da shi tsari ne da agogo.

Hutu da koma-baya

Abin da samari suka fi ƙin ji shi ne cewa ba a filin atisaye jiki ke ƙaruwa ba. A fili ana gajiyar da tsoka ne, ana ƙarar da ajiyar sukarinta, har zaruruwanta su ɗan yi rauni. Gyara da ƙari suna zuwa ne cikin kwana ɗaya zuwa biyu da ke biye, idan an sami barci da abinci. Matashi yana bukatar barcin sa'a 8 zuwa 10. Abincin kuwa ba sai na kanti ba: tuwo ko fura don kuzari, wake da gyaɗa da nono da ƙwai da kifi don ginin tsoka. Wanda ya matsa wa jikinsa kwana bakwai a jere ba tare da rana mai sauƙi ba, rushewa yake tarawa. Tsamin jikin nan da ake tashi da shi kwana ɗaya ko biyu bayan aiki mai tsanani ma an daɗe ana ɗora laifinsa a kan sinadarin laktik da ke taruwa a tsoka, har wasu littattafai na nan da wannan bayani. Ba haka ba ne. Sinadarin yakan washe cikin kimanin sa'a guda. Tsamin yana zuwa ne daga ƙananan raunuka na zaren tsoka da kumburin da ke biyo bayansu.

Sannan abin da horo ya gina ba ya zama idan an daina. A 1966, a birnin Dalas na Amurka, an kwantar da samari biyar 'yan shekara 20 a gado har mako uku ba tare da sun taka ƙasa ba. Da suka tashi, ikon jikinsu na amfani da oksijin ya ragu da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. Bayan shekara 30 aka sake auna mutanen nan biyar, sai aka ga tsufan shekara 30 bai rage musu wannan iko kamar yadda kwanciyar mako uku ta yi ba. Ɗalibin da ya yi fice a gasar bara, ya ajiye takalminsa tun daga ranar, bana daga tushe zai fara.

Kafin ranar gasa

Masu iya magana sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, amma abin da ake yi ke nan a makarantu da yawa. Saura mako guda gasa sai a fito da yara a ce su zagaya fili har sai sun faɗi. Mako guda bai isa ya ƙara mitokondiriya ko ya faɗaɗa zuciya yadda za a gani a tsere ba. Abin da zai haifar shi ne tsamin jiki da targaɗe. Haka samarin da ke neman shiga soja ko 'yan sanda kan yi, su fara gudu ana jibi tantancewa.

A ƙasa irin ta Haɗeja abin ya wuce faɗuwa gasa, domin da bazara zafi kan haura digiri 40 a ma'aunin salshiyos. Mai gudu a irin wannan yanayi yana iya zubar da gumi lita ɗaya zuwa biyu a sa'a guda. Jiki yana sabawa da aiki cikin zafi, amma sai an ba shi kwana 10 zuwa 14 ana ƙarawa kaɗan-kaɗan. Ga kuma maganar sikila: kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya yana ɗauke da rukunin jini na AS. Mafi yawansu suna wasanni lafiya lau, har su zama zakaru, amma gudu mai tsanani na farat ɗaya, cikin zafi da ƙishirwa, yana iya jefa mai wannan rukuni cikin haɗari mai kai wa ga rasa rai. Yaron da ya ce ƙafafunsa sun mutu ko ƙirjinsa na ciwo, a tsayar da shi nan take, kada a kira shi rago. Wanda zazzaɓi ya kama kuwa ba shi da abin yi a fili sai ya warke sarai. Game da ƙwayar tiramadol da wasu samari ke sha wai don ƙarin ƙarfi, ba ta ƙara wa tsoka komai. Zafin da ke gargaɗin mutum ya tsaya kawai take dannewa, kuma hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya ta haramta ta a lokacin gasa tun daga farkon 2024.

Malamin da ke son shirya ɗalibai don tseren mita 1,500 ba ya bukatar kayan tsada. Agogo da littafin rubutu da mako takwas sun isa. A mako uku na farko a yi gudu mai sauƙi sau uku ko huɗu a mako, da sassafe ko bayan rana ta yi sanyi, da saurin da yaro zai iya magana da abokinsa yana gudu, a fara da minti 15 a kai shi 30. Daga mako na huɗu a shigo da gudu da hutu sau biyu a mako, kuma kada ranakun biyu su zo a jere. A mako na ƙarshe a rage yawan aikin zuwa rabi, a bar saurin yadda yake, don gajiyar da ta taru ta washe kafin ranar gasa. Ba kowane yaro ne zai ƙaru daidai da ɗan'uwansa ba, domin gado yana da tasiri a kan yadda jiki ke karɓar horo, saboda haka lokacin da yaro ya yi a makon farko shi ne ma'aunin da za a gwada shi da shi. Kowane ɗalibi ya riƙa ƙirga bugun zuciyarsa da asuba kafin ya tashi daga shimfiɗa, na sakan 15, ya ninka sau huɗu ya rubuta. Idan makonni na tafiya adadin na sauka, horo yana kama jiki. Idan kuwa aka wayi gari ya haura abin da aka saba gani da bugu 8 ko 10, kwana biyu a jere, to a ba yaron hutu a ranar, a kuma duba ko zazzaɓi ne ke tafe.